Faɗa wa Kakanki

Ina da shekara goma mahaifina ya rasu. Ranar wata Lahadi ce da yamma, suna buga ƙwallo da abokan aikinsa a filin makarantar da ke bayan layinmu. Waɗanda suke wurin sun ce ya tare ƙwallo da ƙirji, ya yi taku biyu, sai ya durƙusa kamar mai shirin ɗaure igiyar takalmi. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Shekararsa talatin da bakwai.

Bayan wata biyu ni da Mama muka tattara muka koma wurin mahaifiyarta, wadda nake kira Iya. Iya ta yi shekara talatin da biyu tana aikin jinya, don haka duk unguwa Sista ake ce mata, har masu furfura. A saman bene take zaune, ɗaki biyu da falo, matakala ashirin da shida, kuma ba ta taɓa hawa ba tare da ta tsaya a tsakiya ta dafa bango ta huta ba. A falonta akwai kabad mai gilashi. Inda wasu ke jera kwanuka, ita magunguna ta jera, da na'urar awon jini, da almakashi a cikin kofi. Ko atishawa ka yi a gidan sai ka yi bayani.

Kakana na wajen uba kuwa, Baba Tsoho, malamin wasanni ne a sakandare har ya yi ritaya. Koci ake ce masa. Dogo ne siriri, kansa tal babu gashi ko ɗaya, matarsa ta daɗe da rasuwa, yana zaune shi kaɗai a tsallaken babban titi. Shekararsa saba'in da ɗaya, amma ko burodi zai je saye da sassarfa yake tafiya, kamar wanda ya baro tukunya a wuta.

Tun da can shi da Iya ba wani shiri suke yi ba, gaisuwar surukai ce kawai, a yi a rabu. Amma ranar da mutane suka cika gidanmu ana ta'aziyya, Iya ta ce, da muryar da ta tabbata za ta kai bakin ƙofa, "To, masu son ƙwallo dai yau sun ga ƙarshenta." Baba Tsoho yana zaune a bakin ƙofar. Ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Daga ranar ko sallama ba ta sake haɗa su ba.

Mama a masana'antar ɗinka kayan makaranta take aiki, har ranar Asabar sai ƙarfe biyu take tashi. A can Baba Tsoho ya same ta, ya tsaya a bakin get har aka tashi, ya roƙi ta riƙa ba shi ni duk safiyar Asabar mu je lambun unguwa mu motsa jiki. Ya ce ni kaɗai ɗansa ya bar masa. Mama ta amsa.

Da Iya ta ji, cokalin da ke hannunta ta ajiye.

"Ciwon zuciya gado ne. Kin manta ko kina so ki manta?"

Mama ba ta yi gardama ba, ta kai ni asibiti. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗora ni a kan wata na'ura na yi ta gudu ba na zuwa ko'ina, aka ɗauki hoton zuciyata. Likita ya ce garau nake, a bar ni in yi gudu. Iya ta sa tabarau ta karanta takardar gaba da baya.

"Shi ma uban nata, da an auna shi ana gobe zai faɗi, garau za a rubuta."

"Iya, na riga na amsa wa Baba."

"Ke kika amsa. Ni ban amsa ba."

Asabar ta farko, ƙarfe bakwai saura kwata, muka ji ƙarar usur a ƙasan bene. Bai hawo ba, bai aiko ba, usur kawai ya busa. Iya ta kama tsintsiyar hannuna tana duban agogo, ta ja fatar idona ta leƙa, sannan ta ɗauko jaka da kujerarta mai naɗewa.

"Ina za ki, Iya?"

"Inda za a kai ki."

Lambun ba wani babba ba ne. Akwai hanyar tsakuwa ja da ta zagaye shi, da lilo uku ɗaya ya tsinke, da wasu ƙarafan motsa jiki da fentinsu ya ɓare, da famfo ɗaya kusa da ɗakin mai gadi. Da safe irin haka tsofaffi ne suka fi yawa, wasu da jikokinsu. Akwai wani tsoho mai sanda da yake tura tagwaye a lilo yana musu waƙa, akwai wata dattijuwa mai ƙiba da take tsaron gida jikanta yana buga mata ƙwallo, duk wadda ta wuce ta sai ta tuntsire da dariya. Su na riƙa kallo.

Iya ta buɗe kujerarta a ƙarƙashin wata bishiya daf da hanyar, ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. Tsakaninta da Baba Tsoho bai fi taku uku ba. Ta dube ni.

"Faɗa wa kakanki, zagaye biyu. Kada ya wuce."

Kafin in buɗe baki Baba Tsoho ya ce, "Barewa," don haka yake kirana, "faɗa wa kakarki nan ba ɗakin haihuwa ba ne. Ba ita ke ba da umarni ba."

"Faɗa masa a ɗakin haihuwar dai da rai ake fita."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya danna agogon awon gudu da ƙarfi kamar agogon ne ya yi masa laifi, ya ce, "Mu je."

Haka muka fara, haka kuma muka ci gaba. Ni ce wayar da ke tsakaninsu. Da farko na riƙa ƙoƙarin gyara saƙon. In Iya ta ce, "Faɗa masa ba doki ya samu ba," sai in juya in ce, "Baba Tsoho, Iya ta ce ko za mu ɗan huta." Nan take za ta daka mini tsawa, "Ba haka na ce ba!" Shi kuma ya ce, "Ai na ji da kunnena, ba sai an sa mini sukari ba." Daga baya na daina wahalar da kaina. In sun faɗa sai in tsaya kawai ina kallon takalmina har su gama.

Gudun kuwa, gaskiya, na so shi. Baba Tsoho ya iya koyarwa. Ya nuna mini yadda zan saki kafaɗa, yadda zan sauke ƙafa ba tare da na buga dunduniya ba, yadda zan ja numfashi da lissafin taku. Zagayen farko tare muke yi, yana gefena yana ƙirgawa, sauran kuma ni kaɗai. Amma bai san yabo ba. In na rage daƙiƙa biyar sai ya ce, "Ubanki yana shekarunki ya fi wannan da goma." Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne can ƙarshen lambun, bayan ɗakin mai gadi, inda bishiyoyi suke kare ni. Taku arba'in ne wajen, ba mai ganina, ba mai kirana.

A Asabar ta huɗu Iya ta hana ni ƙara zagaye na biyar. Baba Tsoho ya dubi sama ya ce, "Barewa, faɗa wa kakarki mai wa'azin lafiya ta fara da kanta. Wallahi kujerar nan tausayi take ba ni."

Mutum biyu da ke wucewa suka yi dariya. Iya ba ta mayar ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta naɗe kujerarta muka tafi gida, ko abinci ba ta ci sosai ba ranar.

Mako na zagayowa ta fito da farin kambas sabo fil, babu kujera. Da muka fara gudu ita ma ta hau hanyar, amma ta ɗaya ɓangaren ta bi, don mu riƙa haɗuwa gaba da gaba. Duk haɗuwa sai ta ƙura wa leɓɓana ido.

"Kina jin jiri?"

"A'a."

"Ƙirjin fa?"

Baba Tsoho ya busa usur daga nesa. "Ba a magana da mai gudu!"

Ranar zagaye ɗaya ta yi, ta zauna a benci tana haki, zufa ta jiƙa mata mayafi. Baba Tsoho ya duba agogonsa ya sanar wa duk lambun, "Minti goma sha huɗu. Mai shara ya fi haka sauri, shi kuma da tsintsiya yake tafe." Iya ta ce in faɗa masa ita ba ta taɓa kora kowa kabari da agogo ba.

Ba ta daina ba. Wata biyu tana zagaye uku, wata uku tana biyar. Ta daina tsayawa a tsakiyar matakala, amma da na ce mata, "Iya, kin ga yau ba ki huta ba," sai ta harare ni ta ce kada in kuskura in kai wa wancan mutumin labari.

Ita ce ta fara lura da cewa jikin Baba Tsoho ya canja. Ni ban ga komai ba sai da ta faɗa. Baba Tsoho ya fara yanke zagayen farko a rabi, ya tsaya kamar yana duba agogo, kuma ya daina ɗaure igiyar takalminsa, a sake yake barinta.

"Faɗa wa kakanki ƙafarsa ta kumbura."

"Faɗa mata ta duba tata."

A cikin wata na biyar kwamitin unguwa ya manna sanarwa a ƙofar lambun, za a yi tseren yara, zagaye huɗu. Sai uwa ko uba sun sa hannu. Baba Tsoho bai tambayi kowa ba, ya sa hannu da kansa. Ya ja ni bayan ɗakin mai gadi ya ba ni wani ƙyalle mai lamba ashirin da uku, wanda zan maƙala a riga.

"Ki ɓoye. Mamanki za mu faɗa mata in kin ci. Waccan kuwa ko a mafarki."

Na ɓoye a cikin littafin taswira a jakar makaranta. Na manta cewa Iya takan binciki jakar duk Laraba tana neman alewa. Ta gani, ta ɗauke, ba ta ce mini komai ba. Kwana uku ina neman ƙyallen ina zufa, ita kuma tana zuba mini abinci kamar ba abin da ya faru.

Ranar Asabar muna isa lambun ta zaro shi daga jaka. Wannan karon ba ta dube ni ba. Shi ta duba, ido cikin ido, karo na farko tun ranar ta'aziyya.

"Malam, wannan mene ne?"

"Kin iya karatu, Sista."

"Wa ya sa hannu?"

"Kakanta. Uban ubanta. Sunana take amsawa, ba naki ba."

"Sunanka take amsawa, amma a gidana take kwana. Ni ke tashi in ta yi tari." Ta sa hannu biyu za ta yaga ƙyallen, ya ƙi yaguwa, ta jefar a ƙasa ta taka. "Ka kashe ɗanka, ba za ka haɗa da jikata ba."

Tsohon nan mai sanda ya tsayar da lilo. Dattijuwa mai tsaron gida ta riƙe ƙwallo a ƙirji ta kira jikanta kusa.

Baba Tsoho ya matso. Muryarsa ta yi ƙasa, kuma hakan ya fi tsawarsa ban tsoro.

"Ni na kashe shi? To bari in tuna miki. Kwana tara kafin ya faɗi ya zo gidanki. Ya ce miki ƙirjinsa yana ɗaurewa in ya hau matakalarki. Me kika yi, Sista mai shekara talatin a asibiti? Ƙwannafi kika ce. Kika buɗe kabad kika ba shi farin ruwa a cokali. Da bakinsa ya faɗa mini."

Fuskar Iya ta canja kamar an watsa mata toka. Amma Iya ba mai faɗuwa ita kaɗai ba ce.

"Da bakinsa ya faɗa maka," ta ce. "Kai ma ai ya kai maka kukansa. To kai me ka ce masa?"

Ya kau da kai.

"Ba za ka faɗa ba? Ni zan faɗa, don ai ya dawo ya gaya mini. Ka ce masa ƙiba ce da lalaci. Ka ce ya koma fili ya ƙone ta. Ya koma, ai ɗa ne mai biyayya."

Suka tsaya suna huci, kowa yana kallon ɗan'uwansa kamar zai cinye shi ɗanye. Sun manta da ni sam. Ni kuwa kunnuwana sai ƙara suke. Duk watannin nan abin da aka faɗa mini shi ne ba wanda ya sani, abu ne ya zo farat ɗaya.

"Ya faɗa muku?" na ce.

Suka juyo tare.

"Babana ya ce muku ƙirjinsa yana ciwo?"

Iya ta miƙo hannu. "Zo nan, 'yar nan, ba maganar yara ba ce."

Na ja da baya. Na durƙusa na kwance takalman gudun da Baba Tsoho ya saya mini, na ajiye su a tsakiyar hanyar, na fita daga lambun da safa. Ban yi gudu ba, tafiya na yi, amma da sauri. Ina jin suna kirana, shi da "Barewa", ita da "ke 'yar nan". A mahaɗar titi na waiwaya. Baba Tsoho ya rungume ƙarfen fitilar titi, ya sunkuya, bakinsa a buɗe. Iya ta wuce shi da taku kaɗan, sai ta tsaya, ta koma, ta cafki tsintsiyar hannunsa tana duban agogonta. Ya fizge. Ta sake cafka. Ban tsaya ganin ƙarshe ba.

A matakala na zauna, don makulli yana hannun Iya. Da ta iso ta buɗe ƙofa ta ce in shiga, na ƙi. Ta kawo mini ruwa, na ƙi. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta gaji ta shiga ta bar ƙofar a buɗe. Nan Mama ta same ni wajen biyu da rabi, da rigar aikinta duk guntayen zare sun manne. Ta dubi safata da ta yi baƙi ƙirin, ta zauna kusa da ni. Na faɗa mata duka, har da ƙyallen.

Tana ta cire zare daga hannun rigarta ɗaya bayan ɗaya. Iya ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni bai faɗa mini ba," Mama ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Ni da muke ɗaki ɗaya da shi. Ku ya zaɓa, ku masana. Da ni ya faɗa wa, ni da ban san komai ba, da tsoro ya sa na ja shi asibiti."

"Ki saurare ni," in ji Iya.

"Wata bakwai kina zagin bawan Allahn nan a gabana, Iya. Wata bakwai. Ashe kin san abin da kika sani."

"Shi ma ai..."

"Ban tambaye ki shi ba."

Ban taɓa jin Mama ta katse Iya ba sai ranar. Ta tashi ta kama hannuna muka shiga ɗakinmu ta rufe ƙofa.

Aka daina zuwa lambu. Mama ta aika wa Baba Tsoho cewa kada ya sake zuwa ƙasan bene. A gida kuma tsakaninta da Iya sai ina kwana, sai sannu. Kowa yana cin abincinsa a ɗakinsa. Ranar Asabar Mama ta riƙa tafiya da ni wurin aiki, in zauna a kan buhun yadi tsakanin kekunan ɗinki ina aikin gida, ƙarar injin tana shiga mini har haƙori. Aka yi tseren ba ni. Ƙafafuna suka riƙa ƙaiƙayi, in aka aike ni kanti da gudu nake zuwa in dawo, amma ban ce wa kowa komai ba, don ina jin in na ce ina son gudu kamar na yafe musu ne, ni kuma ban yafe ba.

A Asabar ta biyar motar da muka hau ta bi ta gefen lambun, aka tsaya ɗaukar fasinja. Ina jikin taga. Sai ga Iya da farin kambas, ita da ta ce mana kasuwa za ta, tana tafe tana kaɗa hannu. Can ɗaya ɓangaren ga Baba Tsoho, a hankali yake tahowa. Suka haɗu daidai famfo. Ya kau da kai dama, ta kau da kai hagu, suka wuce juna.

Mama ma ta gani. Ta ja dogon tsaki.

"Mama," na ce, "ina so in koma."

"Wurin waɗannan?"

"Wurin gudun."

Ba ta amsa ba sai bayan kwana uku. Ta nemi hutun rabin yini a wurin aiki, ta sa su biyun suka zo lambun, ta zaunar da su a benci ɗaya, wannan a wannan ƙarshe, wancan a wancan. Ita ta tsaya a gabansu, ni ina bayanta.

Ta ce ba wanda zai sake sa hannu a kan takardar da ta shafe ni sai ita. Ta ce daga yau duk mai magana ya faɗa wa mai ita, 'yarta ba 'yar aike ba ce. Ta ce sunan mijinta kada ya sake fitowa daga bakin ɗayansu a wurin faɗa. Duk wanda ya karya, shi da ganina sai a hoto.

"Kai kuma Baba, sai ka je asibiti an duba ka kafin in ba ka ita."

Ya ɗago da sauri. "Asibitin me? Wa ya ce ba ni da lafiya?"

"Ni ce," in ji Iya, tana kallon gabanta. "Ƙafa a kumbure, numfashi a sama, bugun jini yana tsalle. Na faɗa mata, kuma in ta ƙyale ka ni ba zan ƙyale ba."

"Munafurci dai ba ya tsufa."

"Kira shi abin da ka ga dama. Sau ɗaya na gani na yi sakaci. Ba zan ƙara ba, ko a kan karen unguwa ne."

"Kin ji ko? Kin ji abin da uwarki ta kira ni?"

"Na ji, Baba. Ranar Talata ƙarfe tara, ni zan raka ka."

Ya je, don ba shi da yadda zai yi. Likita ya ba shi ƙwayoyi kala uku, ya ce tafiya kawai, gudu kuwa ya ƙare. Baba Tsoho bai taɓa yafe wa Iya wannan ba. Duk wanda ya tsaya gaishe shi a lambun sai ya nuna ta da baki ya ce, "Ga wadda ta raba ni da ƙafafuna." Ita kuma ta ce, "Da ban raba ka da su ba, da yanzu wasu ne ke ɗauke da kai."

Na koma gudu. Na daɗe ban saki jiki da ko ɗayansu ba. In Baba Tsoho ya gyara mini taku ina gyarawa, in Iya ta miƙo ruwa ina karɓa, amma hira ta yi wata da watanni ba ta dawo ba, kuma da ta dawo ba irin ta da ba ce. Su kuwa tunda aka hana su aike, sai suka koma yi kai tsaye. Yanzu da yake shi ma tafiya yake yi, saurinsu ya zo ɗaya, kuma ba wanda zai yarda ɗaya ya wuce shi. Sai ka gan su kafaɗa da kafaɗa, fuska a murtuke, suna zagaye suna cacar baki a kan gishiri, a kan takalmina, a kan wanda ya fara taka layin wani.

Da shekara ta zagayo aka sake tseren, Mama ta sa hannu da kanta, ta kuma zo. Mu goma sha tara ne. Na fita da ƙarfi, na jagoranci zagaye biyu, a na uku cikina ya murɗa, yara uku suka wuce ni. Na zo ta huɗu. Ina durƙushe ina mayar da numfashi, Mama tana shafa mini baya, sai ga su sun iso.

"Ruwan da kika ɗura mata ne kafin a fara," in ji Baba Tsoho. "Na ce kurɓi biyu, kika ba ta rabin gora."

"Kai ka ce ta fita kamar an koro ta. Yarinya ba ta san dabara ba, mai koya mata ma bai sani ba."

"Shekara arba'in ina wannan aiki!"

"Shi ya sa ta zo ta huɗu."

Murya ta fara tashi, mutane suka fara juyowa. An kawo sabon mai gadi a watan, wani dattijo mai sanyin hali da bai san kowa ba tukuna. Ya taho da saurinsa yana ɗaga hannu.

"Haba Baba, a yi haƙuri mana, ga yara. Zaman aure ai sai da haƙuri. Ke ma Iya, mijinki ne, ki rage murya."

Iya ta juyo a hankali, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Mijin wa?"

"Ka dube ni da kyau," in ji Baba Tsoho, yana matsowa. "Na yi maka kama da wanda ya rasa hankalinsa?"

Suka sa bawan Allah a tsakiya, wannan ta saki wancan ya kama, yana ja da baya yana ba da haƙuri har ya dangana da famfo. Mama ta ɗauki jakata ta rataya, ta kama hannuna.

"Tashi mu tafi," ta ce, "kafin a gane tare muke."